Talauci ne ke kai mutum ga hallaka kansa, ko kunyar a san yana cikinsa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta kwana biyu tana cin raina, na ce bari in kawo ta nan. Mijin wata ƙawata ya rasa aikinsa, bai faɗa wa kowa ba. Wata biyar cur kullum da safe sai ya yi wanka ya sa kaya ya fita kamar mai zuwa aiki, da yamma ya dawo. Kuɗin cefane kuwa rance yake ciyowa, ya ci nan ya biya can. Ranar da masu bashi suka fara sallama a ƙofar gida, a daren ya yi yunƙurin kashe kansa. Allah Ya sa da sauran kwana, an kai shi asibiti, yana raye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yana da yayye biyu masu hali, da ya buɗe baki da sun share masa hawaye. To me ya kai shi bakin kabari, babu ce ko kunyar a san babu?

Abban Yusra: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara masa lafiya. Amma Maman Ilham, a gafarce ni, ni ban yarda talauci na sa mutum ya kashe kansa ba. Da haka ne da rabin duniya sun ƙare. Ga mutane nan suna kwana da yunwa, gari ya waye su ce alhamdu lillahi. Raunin imani ne kawai da rashin tawakkali.

Anti Rabi: Abban Yusra, rabin maganarka gaskiya ce, mafi yawan talakawa ba sa ko tunanin haka. Sauran rabin kuma ita ce irin maganar da ke sa mutum ya haɗiye abin da ke ransa har ya kashe shi. Shekarata goma sha huɗu ina aikin jinya. Na ga wanda aka kawo mana yana da izu sittin na Alƙur'ani a ka, na ga mai sallar dare. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ba ya duba goshin mutum ya ga ko akwai tabon sujada.

Kuma ga alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: sama da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Tsakanin masu shekara 15 zuwa 29 kuwa, yana sahun gaba cikin abubuwan da ke ɗauke rai. Maza sun ninka mata fiye da sau biyu a yawan masu mutuwa. Ka tsaya ka yi tunanin dalilin wannan na ƙarshe.

Abban Yusra: To ai kin ga, Anti, mafi yawan mutanen duniya ma a waɗannan ƙasashe suke. Lissafin bai nuna talaucin ne ya jawo ba. Ga attajirai da mashahurai muna jin labarinsu.

Malam Nura: Wannan gyara ne mai kyau, Abban Yusra, kuma an daɗe da lura da shi. Tun 1897 wani masanin zamantakewa ɗan Faransa, Emile Durkheim, ya nuna cewa ba zaman talauci kaɗai ke ƙara yawan masu kashe kansu ba, girgizar da ke raba mutum da matsayin da ya saba ita ce babba. Wanda aka haifa a cikin babu yana da nasa ciwon, amma wanda jiya shi ake kawo wa kuka, yau shi ne mai neman a ba shi, wannan faɗuwarsa daban ce.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Japan. A 1998, lokacin da bankuna da kamfanoni suka yi ta durƙushewa, adadin ya yi tsalle ya haura 30,000 a shekara guda, kuma bai sauko ƙasa da haka ba sai 2012. Akasarin waɗanda suka ƙaru magidanta ne masu matsakaicin shekaru, waɗanda aiki ya kuɓuce musu ko bashi ya yi musu katutu. Japan kuwa ba ƙasar yunwa ba ce. Abin da suka rasa shi ne idon da za su kalli iyalinsu da shi.

Sai ka kwatanta da Finlan. A farkon shekarun 1990 rashin aiki ya yi mata mummunan kamu, amma adadin masu kashe kansu bai hau ba, sauka ma ya shiga yi. Suna da tallafin da ke riƙe wanda ya rasa aiki, kuma tun 1986 suka fara wani shiri na ƙasa baki ɗaya a kan wannan matsala. Faɗuwar iri ɗaya ce, sai dai wani ya faɗa kan dutse, wani kan katifa.

Hajiya Inna: Ni dai boko bai yi mini yawa ba, 'ya'yana, amma na ga rayuwa. Abin da ke damuna shi ne yadda muka haɗa abu biyu muka ba su suna ɗaya. Akwai kunya wadda ado ce, wadda ke hana mutum aikata assha. Akwai kuma wadda ke sa mutum ya ji shi kansa ne abin ƙyama, ya ga ko inuwarsa ba ta cancanci a gani ba. Ta farko tana gyara mutum, ta biyun tana cinye shi kamar gara. Kullum muna roƙon Allah Ya rufa mana asiri, kuma addu'a ce mai kyau. Amma rufin asiri ai daga idon duniya ne, ba daga matarka da ɗan'uwanka na jini ba. Yaron nan ya rufe har ya rufe da kansa a ciki.

Maman Ilham: Wallahi Hajiya kamar kina wurin. Da ya samu sauƙi matar ta tambaye shi, ya ce shi gani ya yi in ba ya nan kowa ya huta: ita ta koma gidansu, yara dangi su ɗauka, masu bashi su haƙura.

Anti Rabi: Wannan kalmar, "su huta", na ji ta ba adadi. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Thomas Joiner, ya ce abu biyu in suka haɗu a zuciya akwai haɗari: mutum ya ji ya zama kaya a wuyan mutanensa, kuma ya ji ba shi da kowa. Talauci yana kawo na farko. Kunya tana kawo na biyu, don ita ke sa ya daina zuwa taro, ya daina ɗaga waya, ya canza hanya in ya hango wanda ya sani. Lissafin nasa kuwa ƙarya ne, ciwon ne ke yi masa shi. Ban taɓa ganin iyalin da suka huta ba. Abin da ake bar musu shi ne "da na sani" na har abada.

Ɗan Autan Mama: Zan yi magana, amma don Allah kada a yi mini wa'azi, na riga na ji. Shekara biyu da suka wuce na ci bashi a wata manhajar rance ta waya. Ba wani abu mai yawa ba ne, jinyar mahaifiyata ce. Na yi jinkirin kwana tara. Sai suka aika saƙo ga duk lambar da ke wayata, da hotona, wai ni ɓarawo ne ana nemana. Surukina ya gani. Malamina na makaranta ya gani. Yarinyar da zan aura ta gani. Kafin ranar bashin bai taɓa hana ni barci ba, na san zan biya. Bayan ranar kuwa kwana uku ban leƙa waje ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin da bai kamata ba. Abin da ya tsare ni, wani abokina ya zo ya yi ta bugun ƙofa har na buɗe, ya zauna ya ce, "Ni ma sun taɓa yi mini, bara." Shi ke nan abin da ya faɗa. Ya kwana a ɗakina daren nan da na biye.

Malam Sa'idu: Allah Ya yi maka albarka, ɗana, Ya saka wa abokin nan naka. Ba wa'azi zan yi maka ba, Abban Yusra zan yi wa, da izininsa.

Haramcin kashe kai ba abin muhawara ba ne. Amma duba yadda ayar ta zo a Suratun Nisa'i, aya ta 29: bayan hanin, sai aka rufe da cewa Allah Mai jin ƙai ne a gare ku. Kuma farkon ayar magana ce a kan cin dukiyar juna da ƙarya. A Baƙara aya ta 280 an ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. A aya ta 273 an siffanta wasu mabuƙata da cewa wanda bai sani ba zai zaci mawadata ne saboda kamun kansu, ba sa naci wajen roƙo. Wannan ai shi ne mijin ƙawar Maman Ilham. An ce da alamarsu ake gane su, ba a ce mu zauna sai sun zo sun durƙusa ba. A aya ta 264 kuma an hana ɓata sadaka da gori da cutarwa.

To mu wanne muka riƙe? Hukuncin wanda ya mutu mun haddace shi tsaf. Haƙƙin wanda yake raye yana nishi a gefenmu, shi muka manta.

Abban Yusra: Na karɓa, Malam, Allah Ya ƙara sani. Ɗan Auta, ka yi haƙuri in maganata ta farko ta sosa maka rai. Sai dai ina da sauran tambaya, kuma ba don gardama ba. In muka yi ta tausasa magana, ba za mu sa abin ya zama kamar ba komai ba? Tsoro ma ai yana hana wasu.

Anti Rabi: Tsoro yana hana wasu aikatawa, na yarda. Amma yana hana da yawa faɗa. A ƙasashen da doka ke ɗaukar yunƙurin kashe kai laifi ne, dangi kan ɓoye mutum a gida maimakon su kawo shi asibiti, ko su zo su ce mana kuskure ne. Shi ya sa ƙasashe ke ta soke dokar: Ingila tun 1961, Singafo a 2020, Pakistan a 2022, Gana da Maleshiya a 2023. Wanda ya tsira daga wannan, likita yake buƙata, ba alƙali ba.

Kuma wani abu da mutane ba su sani ba: kusan tara cikin goma na waɗanda suka yi yunƙuri suka tsira, ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba. Matsanancin halin yana zuwa ne kamar guguwa, wani lokaci sa'o'i kaɗan ne ko ƙasa da haka. In aka raba mutum da abin da zai cutar da kansa a wannan ɗan tsakanin, sau da yawa an gama ceton.

Malam Nura: Siri Lanka ce hujjar wannan. A tsakiyar shekarun 1990 tana cikin ƙasashen da abin ya fi ƙamari a duniya, galibi a karkara, tsakanin manoma. Gwamnati ta bi magungunan feshin gona mafiya haɗari ta hana shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Cikin shekara ashirin adadin ya faɗi da kusan kashi 70 cikin ɗari, an ƙiyasta an tsirar da rai wajen 93,000 tsakanin 1995 da 2015, noma kuma bai durƙushe ba. Ba a kawar da talaucin ba, ba a kawar da rigimar cikin gida ba. Mutane dai sun samu damar wayar gari su sake tunani.

Ummu Hanan: Ni fa duk maganar maza ake ta yi. Mace in talauci ya kama gida ita ake fara kallo: yaranta ba su da sutura, ba ta iya tattali ba. In ta yi ƙorafi a ce ba ta da godiya, in ta je gidansu a ce ta tona asirin miji. Ga wadda aka yaudara ta tura hoto, ana yi mata barazanar watsawa in ba ta kawo kuɗi ba. Wannan yarinyar ina za ta kai kukanta? Uwar da ya kamata ta fara faɗa wa ita ta fi tsoro.

Hajiya Inna: Gaskiyarki, 'yata. Ni abin da nake faɗa wa jikokina, mata da maza, tun kafin wani abu ya faru: duk abin da kuka aikata, komai muninsa, ku zo mini da shi. Zan yi faɗa, amma ba zan kore ku ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. In yaro bai ji wannan daga bakinka yana cikin kwanciyar hankali ba, ranar tashin hankali ba zai tuna da kai ba.

Abban Yusra: To a aikace fa? In na ga mutum ya canza, me zan ce masa? Ni tsorona kada in ambata in zama ni na sa masa tunanin.

Anti Rabi: Wannan tsoron kowa na da shi, kuma an bincika an ga ba haka ba ne. Tambaya ba ta dasa tunanin. Ka ja shi gefe inda ba kowa, ka ce, "Na ga kwana biyu ba ka cikin walwala, kuma na san abubuwa sun yi maka nauyi. Shin har ka taɓa jin gara ka mutu? Ka yi tunanin kashe kanka?" Ka faɗe ta da sunanta, kada ka yi ta kewaye-kewaye. Sannan ka yi shiru. Wannan shirun shi ne mai wuya, don bakinka zai yi ta ƙaiƙayin ya ce "haba, kamar kai?" ko "wasu ma sun fi ka shiga uku". Duk waɗannan kunya suke ƙara masa.

In ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai. Ka kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Ka raka shi asibiti da ƙafarka, ko ku kira layin agajin gaggawa na inda kuke. In ya ce ka rantse ba za ka faɗa wa kowa ba, ka ce masa ba za ka yi tallarsa ba, amma ba za ka riƙe wannan kai kaɗai ba, ku zaɓi wanda za a sanar tare.

Alamun da za ka lura da su: yawan cewa "na gaji" ko "kun kusa hutawa da ni", janye jiki daga mutane, rashin barci, rarraba kayan da yake ji da su, neman yafiya babu gaira babu dalili. Wadda ta fi yaudarar dangi kuma ita ce natsuwar da ke sauko wa mutum farat ɗaya bayan dogon ƙunci, sai a ce ai ya warware.

Malam Nura: In ƙara a kan na Anti. In bashi ne tushen, to a taɓa bashin. Ba zai yiwu ka ce wa mutum ya yi haƙuri ka tafi ka bar shi da masu buga masa waya sau talatin a yini ba. Ku zauna da takarda ku rubuta nawa ne, wa da wa ke bi, wanne ne na gaggawa, wa za a je a roƙa ya ɗaga ƙafa. Bashin da ke cikin kai dodo ne, wanda ke kan takarda lissafi ne. Japan ma da ta tashi gyara ta bi ta nan: a 2006 ta yi dokar ƙasa ta rigakafin kashe kai, a shekarar kuma ta gyara dokar masu ba da rance, ta rage kuɗin ruwan da za su iya ɗorawa, ta iyakance abin da za a ranta wa mutum gwargwadon samunsa. Zuwa 2019 adadin ya sauko wajen 20,000. Ba zan ce dokar kaɗai ta yi ba, amma tana ciki. A Barazil kuma an bi diddigin miliyoyin mutane aka ga waɗanda ke karɓar Bolsa Família, tallafin kuɗi da gwamnati ke ba iyalai matalauta, sun fi takwarorinsu matalauta tsira daga wannan mutuwa.

Ɗan Auta, abin da aka yi maka ya yi yawa a ƙasashe daban-daban har sai da Google ta hana manhajojin rance da ke rumbunta leƙa lambobin waya da hotunan mutane a 2023.

Ɗan Autan Mama: Sun makara a kaina, amma gara haka. Ni roƙona ɗaya ga masu taimako: ku ajiye kyamara. Mutum yana karɓa da hannu ɗaya yana kare fuska da ɗaya, ku kuna ɗauka kuna sawa a Facebook. Akwai waɗanda na sani sun gwammace su kwana da yunwa da su shiga wannan layin. Haka masu yaɗa hoton wanda ya mutu da bayanin yadda ya yi da wasiƙar da ya bari. Lokacin da nake cikin halin nan, irin waɗannan labarai nake bi ina karantawa, kuma ba alheri suka yi mini ba.

Anti Rabi: Wannan ma sananne ne, yaɗa bayanin yadda aka yi yana jawo kwaikwayo, labarin wanda ya shiga ya fita kuwa yana ƙarfafa wasu. Naka da ka bayar yau yana cikin na biyun.

Kada kuma wani ya ce ai babu likitocin ƙwaƙwalwa, don haka ba abin yi. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya rasa wata mara lafiyarsa da ta kashe kanta, kuma abin da ya hana ta dawowa asibiti rashin kuɗin mota ne. Daga nan ya koyar da tsofaffin mata yadda ake sauraron mutum da taya shi warware matsala ɗaya bayan ɗaya, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci. Ba sa ma kiran abin da sunan ciwon ƙwaƙwalwa, a harshensu "yawan tunani" suke cewa, don kada kunya ta kori mutane. An gwada tsarin an ga yana aiki, har wasu ƙasashe sun ɗauka.

Hajiya Inna: Ashe mu ma muna da aikin yi. A kawo benci.

Abban Yusra: Hajiya ai ke kin daɗe a kan naki. Maman Ilham, yanzu ya jikin mutumin? Yayyen nasa sun sani?

Maman Ilham: Sun sani. Babban ya biya rabin bashin, sauran an raba wata-wata. Sai dai har yanzu ba ya son fita, yana ganin kowa kallonsa yake. Matar ma ta rasa yadda za ta yi, ta ce in ta cika tambayarsa ya ji haushi, in ta yi shiru ita hankalinta ya tashi.

Anti Rabi: Watannin farko bayan sallama daga asibiti su ne mafi haɗari, don haka kada a saki jiki. Ya riƙa komawa ganin likita a kan lokaci, in an ba shi magani kada ya yanke don ya ji sauƙi, kuma maganin ya zauna a hannun matar. Ita ma tana buƙatar mai jin ta, kada a bar mata kayan ita kaɗai. Abokansa su riƙa leƙowa ba tare da sun mai da shi abin tausayi ba, su zo da hirar da suka saba, su nemi shawararsa a kan abin da ya iya. Ko gajeren saƙo na "ka faɗo mini a rai" yana da tasiri, an taɓa gwada aika wa irin waɗannan mutane 'yan wasiƙu a Amurka aka ga bambanci.

Malam Sa'idu: Maman Ilham, ki tambayi matar ko zai yarda in zo. Ba da littafi zan zo ba. In bai shirya ba kuma kada a matsa masa, sai a bari zuwa wani makon.

Maman Ilham: To Malam, zan kira ta bayan magariba in ji.

Abban Yusra: Anti Rabi, duba akwatinki, na turo miki saƙo. A kan wani ƙanena ne, kwana huɗu ke nan wayarsa a kashe, kuma jiya matarsa ta ce ya ba ɗansu agogonsa. Ina hanyar gidan yanzu.

Anti Rabi: Na gani. Kada ka tsaya ko'ina. In ka isa ka kira ni, wayata na hannuna.